Gayyar da Muka Ɗaga Don Farfesa

Bana ruwa ya yi mana jinkiri, da ya tashi zuwa kuma ya zo gaba ɗaya. Jiya da la'asar ina zaune a barandar ajin da nake koyarwa, da tulin takardun jarrabawa a cinyata, don har yau ba ni da ofis, sai ga hadari ya taso daga gabas. Kafin in tattara takardun iska ta fara kwasarsu. Ina bin su ina tsincewa, ƙamshin ƙasar da ruwa ya fara taɓawa ya bugi hancina, sai kawai na ji raina ya ɓaci. Haka nake yi duk shekarar da ruwa ya yi irin wannan jinkirin. Daminar da muka ɗaga gayyarmu nake tunawa, shekara ashirin da wani abu ke nan, kuma har yau abin bai daina ci min rai ba.

Ni malamin kwantiragi ne a jami'a, a sashen nazarin al'adu da zaman jama'a. Wanda bai san aikin ba sai ya ɗauka wani abu ne. Ana ɗaukarka na shekara guda, a ba ka azuzuwan da manya ba sa so, wato 'yan aji ɗaya masu cika ɗaki har kan taga. Ka koyar, ka duba takardunsu har idonka ya yi ja. In shekara ta ƙare kai ma ka ƙare, sai in shugaban sashe ya ga dama ya sake sa maka hannu. Ba a kiranka taron malamai. In an yi dogon hutu kuwa, kai da cikinka kun san yadda za ku yi. Shi ya sa a wancan lokacin duk hutu nake tattarawa in tafi ƙauyenmu da ke gefen Gafasa, a ƙasar Ajingi, in kama fartanya.

Shugaban sashenmu a lokacin, Farfesa, shi ya koyar da ni tun ina aji ɗaya. A ajinsa na fara jin ana bayanin gandu da gayya a matsayin ilimi, na ji kamar gidanmu aka yaba a gaban jama'a. Ina son mutumin nan, in faɗi gaskiya. Jakarsa nake ɗauka, in ya yi tafiya ni nake shiga ajinsa, ranar sunan jikarsa ni na yini ina jera kujeru. Ana gab da tafiya hutu ya kira ni ofishinsa.

"Malam Tasi'u, har yanzu kuna gayya a wajenku? Ta gaske nake nufi, da ganga da Sarkin Noma, ba irin wadda ake shirya wa manya su kalla ba."

"Muna yi, ranka ya daɗe."

"To ina so in ɗauke ta a bidiyo. Akwai baƙi da za su zo daga waje bayan hutu, su nake so in nuna wa. Ka kuma ji an ba mu gurbi ɗaya na dindindin. Kai dai haɗa min gayyar nan, maganar gurbi ka bar min. Ai kai ɗana ne."

Na fito daga ofishin nan ina ta murmushi ni kaɗai, har masinja ya tambaye ni ko haihuwa aka yi min.

Na isa gida bazara ta kai maƙura. Zafin shekarar nan ban taɓa ganin irinsa ba. Ruwan randa kansa ɗumi yake yi. Kaji su raɓe a gindin rumbu baki buɗe, awaki su ƙi tashi ko ka kore su. Rijiyar unguwarmu sai an saki igiya har ƙarshenta sannan guga ya fito da rabi, rabin ma laka. Kullum da yamma hadari zai haɗu baƙi ƙirin, mu fito muna kallo, iska ta taso ta watsa shi, mu koma cikin gida.

Tun rasuwar Baba gandun gidanmu yana hannun wana, Yaya Isiyaku. Shi ya tsaya a gona na yi karatu. Mutum ne marar yawan magana, amma ni ba ya raga min. Malamin sa'ido yake ce min. Wai ya bincika ya gano aikina bai wuce in zauna in kalli yadda mutane suke cin tuwo in rubuta ba. Mahaifiyarmu Inna kuwa ba ta faɗin sunansa tunda ɗan fari ne, Babba take ce masa. Sai matarsa Hansai da 'ya'yansu. Mu ke nan a gidan, kuma duk rumbu ɗaya muke kallo.

Da Yaya ya gaji da jira sai ya ce mu yi binne, wato mu shuka a busasshiyar ƙasa, ruwa ya zo ya tarar da iri a ciki. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni ina binsa ina zuba gero ina rufewa da diddige, ƙasa tana ƙona min tafin ƙafa. Bayan 'yan kwanaki aka yi wani ɗan ruwa marar kirki, wanda ya isa ya tayar da iri amma bai isa ya raya shi ba. Gero ya tsiro shar, muka yi murna, sai rana ta dawo ta zauna. Muna ji muna gani ya murɗe ya bushe. Aka fita roƙon ruwa, har da dabbobi aka kora bayan gari. Da ruwan gaske ya sauka daga baya, sai da Yaya ya shiga rumbu ya ɗebo daga abin da za mu ci muka sake shuka. Na ga fuskar Inna lokacin da yake fitowa da shi, ta dai juya ta koma ɗaki.

Daga nan ruwa ya zauna. Gero ya tsiro, ciyawa ma ta tsiro tare da shi, a gonar kowa lokaci ɗaya. A nan maganar gayya ta taso.

A garinmu ba a yin gayya barkatai. Ranar Juma'a in an sauko daga masallaci, Sarkin Noma yakan zauna a gindin tsamiya ya yanka wa kowane gida ranarsa. Mai gona ya raba goro, ya ciyar da mutane, su kuma su taru su nome masa gona a yini guda. Doka ɗaya ce kowa ya sani: wanda ya ɗaga ranarsa, in dai ba mutuwa aka yi masa ba, ya koma ƙarshen layi, domin gonar kowa jira take yi. Tamu gonar kuma a kwari take. Ƙasarta tana riƙe ruwa, ciyawa tana son ta, in marka ta kankama, wato ruwan nan na ba ƙaƙƙautawa, fartanya ba ta shiga cikinta. Shi ya sa tun zamanin Baba ake sa mu a farko. Shekarar nan ma Asabar ɗin farko aka ba mu.

A lokacin waya ba ta kamawa a garinmu. Na hau bayan babur zuwa Gaya, wajen masu lema da suke ba da hayar waya a bakin tasha, na kira Farfesa na yi masa albishir.

"Asabar ɗin nan? Kash. Mai kyamara ba ya nan. Ku ɗaga min ita zuwa ƙarshen wata."

Na yi masa bayani dalla-dalla, dokar layi, da yadda gonar kwari take, da abin da jinkiri kaɗan yake yi mata. Ya saurare ni tsaf, har yana cewa in maimaita wani wurin. Da na gama sai ya ce, "To ai ƙarshen layin ya yi daidai da ƙarshen wata. Malam Tasi'u, kada ka ba ni kunya. Na riga na ambaci sunanka a inda ya kamata."

Na dawo gida na tarar da Yaya a zaure yana sa wa fartanya sabuwar ƙota. Na faɗa masa yadda muka yi, na ce gobe zan koma Gaya in ba Farfesa haƙuri, abin ba zai yiwu ba. Ya ci gaba da buga ƙotar a ƙasa. Can ya ce, "Aikin nan in ka samu, shi ke nan ba sauran kora duk shekara?"

"Babu, Yaya. Har fansho."

"Mutumin nan magana ɗaya gare shi?"

"Ubana ne a makaranta."

Inna tana bakin ƙofa tana jinmu. Ta ce, "Kai Babba, gonar kwari ce fa."

"Na sani, Inna. Damina ɗaya ce. Yaron nan ya daɗe yana raɓe a bakin ƙofar mutane, gara ya shiga ciki ya zauna."

Tare muka je wajen Sarkin Noma. Tsohon ya kalli Yaya ya ce, "Isiyaku, hankalinka ɗaya kuwa? Marka za ta riske ka."

"Baƙi za mu yi, Baba."

"Baƙin su za su cinye maka ciyawar?"

Mutanen da ke wurin suka yi dariya. Yaya ma ya yi, amma bai janye ba. Aka ba wa wani gidan Asabar ɗinmu, muka koma ƙarshe.

Makwannin da suka biyo baya a gonakin mutane muka yi su, domin wanda bai je gayyar wani ba ba ya sa ran a zo tasa. Tun sanyin safiya ake fita. A jeru a bakin gona, kowa ya kama kunyar da zai nome, makaɗi ya rataya gangar noma yana bin mu a baya. In ya kama kirarin wani saurayi, sai ka ga saurayin ya sunkuya yana zabga sara kamar ba shi da ƙugu. Yaya ne kullum a gaba, bayansa yana sheƙi da gumi. Ni kuwa ina can baya ana yi min tsiya, wai fartanya ba biro ba ce, Malam ya daina yi mata riƙon rubutu. In rana ta take a sauke ƙwaryar fura a inuwa, a sha, a ɗan miƙe ƙafa, a koma. Yanzu duk wannan babu. Mutum ɗaya ne zai goya tankin feshi ya zaga gona kafin hantsi, ciyawa ta mutu. Gangar tana rataye a zauren makaɗin, ɗansa kuma yana tuƙa adaidaita a Gaya. Ɗalibaina in na yi musu tambaya kan gayya a jarrabawa, haddar abin da na faɗa a aji suke dawo min da ita.

In mun taso daga gayyar mutane da yamma, sai ni da Yaya mu wuce tamu gonar mu ɗan taɓa abin da za mu iya kafin magariba. Amma me mutum biyu gajiyayyu za su yi wa gonar da take cin jama'ar gari yini guda? Harƙiya da gude-gude suka taso suka rufe ƙasa. Gero ya fara rawaya, ya siranta, sai ka durƙusa ka buɗa ciyawa kafin ka gan shi. Yaya yakan tsaya a bakin gonar ya riƙe ƙugu ya yi ta kallo. Ban taɓa jin ya ce da na sani ba. Ni ne barci ya ƙaurace wa.

A gida kuma yunwa ta shigo sosai. Inna ta auna geron gayya ta ɗaure a buhu ta tura ƙarƙashin gadonta, ta ce ko wa zai mutu ba a taɓa shi, abincin mutane ne da na baƙi. Mu kuwa da safe kunu tsararo, da rana kwaɗon rama ko na tafasa, da dare ne kawai ake ɗora tukunyar tuwo, shi ma ba kullum ba. Tafasa in ka yi kwanaki kana cinta bakinka har ɗaci yake yi. Hansai takan ce ta ƙoshi ta tura wa yara nata. Ta kuma ba da ɗan akuyarta, ta ce a yanka wa Farfesa, kada babban mutum ya zo gidan ƙanin mijinta a ba shi gayan tuwo. Tana yi tana tsokanata, wai in na zama babban malami kada in manta da wadda ta yi min asarar ɗan akuya.

Ana saura 'yan kwanaki ranarmu marka ta sauka. Ruwa safe, ruwa yamma. Katangar bayan gidanmu ta zube, itace ya ƙi kamawa, hayaƙi ya cika gida. Kayan jikinmu ba sa bushewa. Na sake zuwa Gaya cikin taɓo na kira Farfesa don in tabbatar. Ya ce, "Muna nan tafe in Allah ya yarda. Ku dai shirya."

Ranar Asabar ɗin gari ya waye a lumshe. Tun asuba mata suke daka, maƙwabta sun shigo taya Hansai. Aka yanka ɗan akuya. Mutane suka fito, sai dai ba kamar farkon layi ba, domin da yawa sun shiga maimai, wato noma na biyu, a nasu gonakin. Waɗanda suka zo kuwa abin dariya abin tausayi. An ji za a ɗauki hoto, sai ga magidanta da hulunan Juma'a a bakin gona. Makaɗi ya saka rigarsa ta Salla. Sarkin Noma har da rawani. Aka tsaya a bakin hanya ana jira. Duk ƙarar da aka ji daga wajen Gafasa sai a waiwaya, sai a ga babur ne ko amalanke.

Hantsi ya yi, ya wuce. Wani daga baya ya ce, "Malam, ina Turawan naka? Ko sai mun je mun goyo su?" Sarkin Noma ya kalli sama ya kalli Yaya, ya warware rawaninsa ya naɗe ya ba wani ya riƙe, ya ce, "Jama'a, bisimilla. Gona muka zo."

Aka shiga. Wallahi mutanen nan sun yi iya yinsu. Amma ƙasar ta riga ta sha ruwa. Ka kai sara, fartanya ta taso da laka ta manne, sai ka sa hannu ka ɓamɓare kafin ka sake. Ciyawa ta kai gwiwa, saiwarta ta sarƙe da ta gero, in ka ja ɗaya ɗayan ya biyo. Ganga ta jiƙe ta daina amo, makaɗi ya ajiye ta ya karɓi fartanya da rigarsa ta Salla. Bayan azahar ruwa ya tsuge kamar da bakin ƙwarya. Aka watse, ko rabin gonar ba a kai ba. Wadda aka nome ɗin ma, duk wanda ya taɓa noma ya san ciyawar da aka sare cikin marka ba ta mutuwa, kwanciya take yi ta sake kamawa.

Mutane sun ci abinci a zaure a tsaye, ruwa yana zuba daga indararo. Inna ta zaɓi naman da ya fi kyau ta rufe a langa ta ajiye wa Farfesa, ta hana kowa taɓawa har magariba. Ta ce ƙila hanya ce ta ɓaci.

Washegari na koma Gaya. Wayarsa a kashe. Na sake komawa, wani ya ɗauka ya ce Farfesa ya yi tafiya. A gida sai aka yanke cewa lalle wani abu ne ya same shi. Inna ta ce, "Babban mutum ba ya saɓa alkawari haka kawai. Allah dai ya sa ba ciwo ba ne." Ta shiga sa shi a addu'a bayan kowace salla, ina jinta daga ɗakina tana roƙa masa lafiya. Ni ma abin da na yarda da shi ke nan. Ko sau ɗaya ban kawo wani abu a raina ba.

Sauran daminar ni da Yaya muka yi ta fama da gonar nan da hannu, muna tuge ciyawa muna tarawa a kan iyaka, ƙafafunmu suka yi fari suka tsattsage. Da gero ya fara fitar da kai, na maƙwabta ya yi zangarniya kamar damtse, namu kuwa kamar yatsa. Yaran unguwa suna gasa tumu, 'ya'yan Yaya suna zuwa gidan mutane su ci. Hutu ya ƙare kafin a gama girbi, na koma makaranta.

Abin da na fara yi shi ne neman Farfesa don in yi masa ya jiki. Na gan shi daga nesa, garau, ya ma ƙara ƙiba. Ya ɗaga min hannu ya ce baƙi sun iso, in taimaka a shirya ɗakin taro, za mu yi magana daga baya. Ni na jera kujerun. Aka rufe tagogi aka kunna bidiyo.

Gayya ce. Gayya mai kyau, da ganga da kirari da Sarkin Noma, a wani ƙauye kusa da Kademi. Rana tana haskawa, ƙasa tana warwarewa a bakin fartanya, gero bai wuce idon sawu ba. Kallo ɗaya na yi wa tsawon geron na san farkon layi ne aka ɗauka, tun kafin marka. A gefen Farfesa cikin hoton ga Nafi'u, wani tsohon ɗalibina ɗan wajen Kademi, wanda shi ma aka ɗauka kwantiragi a shekarar. Da aka gama Farfesa ya miƙe ya yi wa baƙi jawabi. Ya bayyana musu dokar layi. Ya bayyana musu dalilin da ake fara nome gonar kwari. Ya ce jinkiri kaɗan yana iya cinye amfanin shekara guda na gida ɗungurungum. Maganata ce ta bakin tashar Gaya, ko jerinta bai canja ba. Baƙi suna ta rubutawa, aka yi masa tafi.

Na bi shi ofis. Na durƙusa na gaishe shi yadda na saba.

"Ranka ya daɗe, mun jira ku."

"Af, Malam Tasi'u. Ai Asabar ɗin da ka fara faɗa min, ranar kyamara tana Kademi. Shi ya sa na ce ku ɗaga. Na so in riƙe taku a hannu ne, ko da ta can ba ta yi kyau ba. Sai kuma ta yi kyau, ka dai gani da idonka."

"Amma na sake kira ana saura kwanaki, ka ce kuna tafe."

"Lokacin ba a gama duba kaset ɗin ba."

"Ranka ya daɗe, ka san abin da jinkiri yake yi wa gonar kwari. Yanzu na ji kana faɗa wa baƙi."

"Ai daga bakinka na ji. Bayani ne mai kyau ƙwarai." Ya gyara zama, idonsa ya ɗan yi haske. "Yaya gonar ta yi? Ta lalace? Kai, wannan ma abin rubutawa ne. Ka zauna ka rubuta yadda abin ya faru tun daga farko, mu fitar da shi tare."

Na tambaye shi maganar gurbi, don dai in ji da kunnena. Ya ce an ba Nafi'u. Shi ma ya yi masa irin alkawarin da ya yi min, kuma tasa gayyar ce ta riga. Ni kuma kada in damu, ya sa an sabunta min kwantiragi na wata shekarar, in biya wajen sakatare in sa hannu.

Ban taɓa riƙe Nafi'u a raina ba, shi ma an lasa masa zuma ne kamar yadda aka lasa min. Gurbin ma da an ba shi a fili da na haƙura. Abin da ya tsaya min a wuya shi ne mutumin nan ya sani. Da jahilci ne da na yafe tuni. Ya san gandu, ya san gayya, ya san marka, shi ya koya min yadda ake rubuta su. Ya ɗauki abincin shekara na gidanmu ya ajiye a gefe ko da zai buƙata, da bai buƙata ba ko saƙo bai iya aikowa ba, alhali daga inda yake zuwa garinmu ba wata tafiya ba ce a mota. Cin amana ne, ba ni da wani sunan da zan ba shi. Na biya wajen sakatare na sa hannu, don ba ni da inda zan je.

Ƙarshen makon na tafi gida. Na tarar ana zuba gero a rumbu. Yaya yana sama a bakin rumbun, dammunan suna jingine a ƙasa, 'yan tsiraru, Hansai tana miƙa masa. Na karɓe ta na ci gaba da miƙawa. Inna ta fito da carbi a hannu, ko gaisawa ba mu gama ba ta ce, "Ya jikin Farfesan?"

"Lafiyarsa ƙalau, Inna. Bai yi ciwo ba."

Na faɗa musu komai, ina miƙa dami ina faɗa, don ba zan iya kallon kowa ba. Hansai ta juya ta shige ɗaki. Inna ta tsaya da carbinta, ta ce, "To ni wa nake ta yi wa addu'a?"

Yaya ya karɓi dami ya jefa ciki. Na ji ƙarar faɗuwarsa can ƙasa, rumbun ko rabi bai yi ba. Ya ce, "Aikin fa?"

"An ba wani."

Ya kakkaɓe ƙaiƙayi daga hannunsa. Ranin da ya biyo baya ne ya fara tafiya cin-rani a rayuwarsa, mutumin da bai taɓa kwana a wajen garinmu don neman abinci ba. Amma ranar bai ɗaga murya ba, bai ce min Malamin sa'ido ba, ban kuma sake jin ya faɗa ba tun daga lokacin.

"Da ka samu," in ji shi, "da na ce damina na bayar na karɓi ƙanina. Yanzu in Sarkin Noma ya tambaye ni, ban san me zan ce na yi da ita ba."

Ya sunkuyo ya miƙo hannu, bai kalli ƙasa ba.

"Miƙo na gaba."

Na duba inda dammunan suke jingine. Na ce, "Shi ke nan, Yaya. Babu saura."